Macijin Ciki Ba Abin Wasa Ba Ne

Sau da yawa idan yaro ya yi kashi aka ga macijin ciki, sai ka ji manya suna cewa ai kowa yana da shi. To, jama'a, wannan tsutsa tana iya kai mutum gadon asibiti.

A bayan tumbinmu akwai wata tsoka mai tsawo wadda likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke yin ruwan da ke narkar da abinci, ita kuma ke yin insulin mai daidaita sukari a jini. Ruwan nan yakan bi wani siririn bututu ya haɗu da na matsarmama, su zuba cikin hanji ta wata 'yar ƙofa ɗaya.

Shi kuwa macijin ciki a hanji yake zaune. Macen takan kai tsawon santimita 35, tana kuma zuba ƙwai wajen 200,000 a yini guda. Yana da wata mummunar ɗabi'a ta son kutsa kai cikin duk ramin da ya samu, musamman idan zazzaɓi ya dame shi. In ya shiga 'yar ƙofar nan sai ya toshe ta. Ruwan ya rasa mafita, sai ya juyo yana cin tsokar da ta yi shi. Abin mamaki, ruwan da ke narkar da tsire ya koma narkar da mai shi! Nan take sai ciwo mai tsanani ya taso a saman ciki, ya ratsa har baya, ga amai. A Kashmir ta ƙasar Indiya, wani bincike da aka buga a 1992 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan kumburi, macijin ciki ne sanadinsu.

Irin wannan ciwo ba na jiƙo ba ne, sai asibiti. A can za a ɗauki hoton ciki, a yi ƙarin ruwa, wani lokaci a zura na'ura ta baki a zaro tsutsar.

Ƙwan yana shiga jikinmu ne ta hannu mai ƙasa, ko latas da karas da ba a wanke ba, musamman inda ake bahaya a fili. Yakan yi shekaru a cikin ƙasa bai mutu ba. Amma ƙwayar albendazol guda ɗaya, bisa umarnin ma'aikacin lafiya, takan kashe na cikin hanji.