Dalilin da ya sa likita ya daina ba da nibakin

Da zarar damina ta kankama a karkarar Alasan Mairairai, cikin gundumar Mayahi, sai masassarar cizon sauro ta shiga gida-gida. Iyaye mata su goyo ƴaƴansu zuwa gidan likita, waɗansunsu kuwa su koma suna gunaguni, wai an hana su nibakin da suka saba da shi tun kaka da kakanni. To, ba rowa ba ce. Doka ce, kuma tana da dalili.

Shekaru da dama Nivaquine, wato kulorokin, shi ne sarkin maganin masassara, ga araha ga sauƙin sha. Amma sannu a hankali ƙwayar cutar ta saba da shi. An fara ganin haka a Asiya da Amurka ta Kudu wajen ƙarshen shekarun 1950, ya iso gabashin Afirka a 1978, daga baya ya game ƙasashenmu. Yaro ya sha magani, jiki ya yi sanyi kwana biyu, alhali cuta tana nan tana shanye masa jini.

Saboda haka a 2005 hukumomin kiwon lafiya na Nijar suka canja tsari, bisa shawarar Ƙungiyar Lafiya ta Duniya. Aka maye gurbin nibakin da magani mai haɗi biyu. Ɗaya daga cikin haɗin ana samo shi ne daga wani tsiro ɗan uwan tazargade, wanda wata masaniya ƴar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta gano sirrinsa a 1972. Shi yake karkashe yawancin ƙwayoyin cutar nan da nan, na biyun kuma ya share ragowar.

Sabon tsari yana da sharuɗɗa. Da farko sai an ɗibi ɗigon jini a yatsa an auna, domin ba kowane zafin jiki ne masassarar sauro ba. In an tabbata, sai a sha magani safe da yamma har kwana 3, bayan an ci abinci ko an sha nono. Wanda ya ji sauƙi ya ɓoye sauran ƙwayoyi don gaba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Yaron da ke suma ko sanƙarewa kuwa, sai a gaggauta kai shi asibitin Mayahi ko na Tasawa, inda ake yin allura.

Akwai kuma batun inda ake sayen magani. Ƙwayar da ta yini kan tebur a kasuwa, rana na dukanta, ba wanda ya san asalinta. Ƙasarmu ta ɗanɗana ɗacin jabu: lokacin annobar sanƙarau ta 1995, mutum fiye da 50.000 aka yi wa allurar rigakafi wadda babu magani cikinta. A 2015 da 2019 an sake kama irinta. Don haka maganin da ya fito daga farmasin gidan likita, da takardar likita, shi ne abin dogara.

Tun 2006 gwamnati ta yafe wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, a 2013 kuma aka soma raba masu maganin rigakafin masassara wata-wata cikin damina. Ya rage ga masu gari, da malamai, da ɗaliban yaƙi da jahilci su karanta wa jama'a wannan bayani a dandali. Rigakafi ya fi magani, maganin gaske kuma ya fi na araha.