Lambar da ba ta da ma'auni

Wanda ya saba sayen hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. In aka ce "goma" aka yi shiru, ba a faɗi komai ba tukuna. Haka kwamfuta take. Lamba kawai take ajiyewa, ba ta san ko mita ce, ko daƙiƙa, ko kwana ba. Ma'aunin yana cikin yarjejeniyar da ke tsakanin manhaja da mai amfani da ita, kuma wannan yarjejeniya tana iya sauyawa ranar da mutum ya latsa sabuntawa.

Masu bincike da ke aiki da yaren Python sun san Matplotlib, manhajar zana jadawali da John Hunter ya faro a 2003. Ita tana ajiye kwanan wata a matsayin adadin kwanaki. A tsohuwar siga, ƙidayar tana farawa daga farkon shekara ta 1 Miladiyya, don haka 1 ga Janairu 2020 ta zama 737425. Da siga ta 3.3 ta fito a 2020, sai aka mayar da mafarin ƙidayar zuwa 1 ga Janairu 1970, wannan rana ta koma 18262. Masu manhajar suna da hujja, domin babbar lamba tana cinye gurbin da ake buƙata wajen auna ɗan ƙanƙanin lokaci. Sun kuma sanar, har suka bar hanyar komawa tsohon lissafi. Amma wa ke karanta takardar sauye-sauye? Wanda ya adana bayanan ruwan sama da tsofaffin lambobi, ya buɗe su da sabuwar siga, zai tarar daminar 2020 ta faɗa shekara ta 3989.

Wannan ma da sauƙi, tunda ido zai kama shi nan take. Na pandas, wata manhajar Python ta sarrafa bayanai, ya fi shi ɓoyuwa. Kafin siga ta 2.0, wadda ta fito a Afrilun 2023, duk wani lokaci ana ƙidaya shi ne da kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Mutane suka saba: a ɗauki lambar, a raba da biliyan ɗaya, a sami daƙiƙoƙi. Sabuwar siga ta yarda a ajiye lokaci da ma'aunai huɗu, har da cikakkiyar daƙiƙa. In bayananka suka shigo da daƙiƙa, tsohon rabon nan ya hau kansu, shekaru hamsin za su tsuke su koma ƙasa da daƙiƙa biyu. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, domin rabawa aka ce ta yi, ta kuma raba.

A ganina manhajar da ta tsaya cak ta yi maka alheri. Wadda ta ci gaba da aiki tana ba ka amsar ƙarya ita ce abin tsoro. Hukumar NASA ta ɗanɗana irin wannan, duk da cewa nata ba sabuntawa ce ta jawo ba. Ranar 23 ga Satumba 1999 kumbon Mars Climate Orbiter ya salwanta a duniyar Mars, saboda manhajar kamfanin Lockheed Martin tana fitar da ƙarfin turi da ma'aunin fam, masu tuƙi kuma suna karantawa a matsayin niyuton. Bambancin ninki 4.45 ne, ya yi watanni yana taruwa.

Maganin ba ƙin sabuntawa ba ne, don tsohuwar siga ma tana da nata aibin. Akwai manhajoji irin su Pint da astropy da ke ɗaure lamba da ma'auninta, su ƙi tara mita da daƙiƙa. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri ya rubuta lambar sigar kowace manhaja da ya yi aiki da ita, ya sa ma'auni a kan kowane layin bayanai. Ya kuma ajiye lissafi ɗaya da ya san amsarsa da hannu, duk ranar da ya sabunta ya fara gwada shi kafin ya taɓa sauran aikin.