Dodo ma ya na jin ciniki: Saƙo daga shagon gem zuwa ga 'yan fim

IDAN ka taso daga Kabuga ka miƙi titin Gwarzo, ka wuce Rimin Gado, ka ratsa ƙasar Kabo, da wuya ka tsaya a wani gari ba ka ga shagon gem ba. Ga janareto na ruri, ga yara cunkus a kan benci, kowa ido na kan talbijin. Yawancin su ƙwallo su ke bugawa. To amma a wani shago a cikin garin Gwarzo na ci karo da abin da ya sa na ɗauki biro.

Wani yaro ne ya koma gefe da waya a hannu, ya na buga Minecraft. Ina leƙawa sai ga wani dodo mai kan alade, riƙe da takobi, ya tunkaro shi. Na gyara tsayuwa don in ga faɗa. Ina! Sai yaron nan ya jefa masa sandar zinare. Dodo ya ɗauka, ya jujjuya, sannan ya jefo masa wani kaya a madadin ta. Kowa ya kama gaban sa.

Na tambaye shi me ya hana shi sara. Sai ya nuna mani cewa shi kaya ya je nema, in kuwa aka kashe shi a can, duk abin da ya tara zubewa zai yi. Wallahi amsar nan ta tsaya mani a rai, domin amsar ɗan kasuwa ce tsantsa. Nan take na tuna da finafinan mu na dodanni da matsafa, na tambayi kai na: yaushe rabon da in ga jarumin da ya ci galaba ba tare da ya zare takobi ko ya harba wuta daga tafin hannu ba?

Mai karatu, masu ƙirƙirar gem sun daɗe da gane cewa ba kowane jarumi ne mayaƙi ba. A Minecraft ɗin nan, tun da aka shigo da waɗannan dodanni a 2020, dokar su a fili ta ke. In ka sa sulken zinare ko da guda ɗaya ne, ba za su taɓa ka ba. In ka ba su zinare, su ba ka kaya. Amma ka kuskura ka buɗe akwati a gaban su, to amana ta ƙare, sai gudu.

A Dragon Quest IV, wanda ya fito a Japan a 1990, akwai Torneko, wani mai tumbi da ya fara da tsaron shagon makamai na maigidan sa, burin sa kawai ya buɗe nasa. In zai shiga wuri mai haɗari, ya na iya ɗaukar 'yan rakiya ya biya su, su yi masa faɗan. A Final Fantasy X na 2001 kuwa, akwai dabarar da za ka miƙa wa dodo kuɗi ya tafi, har ya bar maka tsaraba. Gwargwadon ƙarfin sa, gwargwadon farashin sa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Undertale na 2015, wanda Toby Fox ɗan Amurka ya tsara. Za ka iya kai shi ƙarshe ba ka kashe ko sauro ba. Tun a farkon tafiya za ka tarar da wasu gizagizai na sayar da cincin ɗin su a kan kuɗi 7. Can gaba sai uwar ɗakin su, Muffet, ta tare ka a cikin saƙar ta, ta na zargin ka da rowa. In ka fito da abin nan da ka saya ka ci a gaban ta, shi kenan, faɗa ya mutu. Wanda bai saya da wuri ba, a wurin ta 9999 zai tarar da shi. Ka ji alheri gadon barci!

Abin haushin shi ne, duk waɗannan dabaru mu na da su a gida tun kafin a ƙera talbijin. Ɗauki labarin Bayajidda. Kowa ya riƙe cewa ya sare kan macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Amma kafin zuwan sa fa? Mutanen gari su na ɗibar ruwa ranar Juma'a kaɗai, wato akwai wani zama da aka yi da macijiyar, ko da na dole ne. Wa ya taɓa zama ya rubuta mana labarin wannan zaman? Haka a tatsuniyar Ruwan Bagaja, yarinyar da ta dawo da dukiya ba ta doki kowa ba. Ladabi ta yi wa abubuwan al'ajabin da ta tarar a hanya, 'yar kishiya kuwa da ta je da tsiwa ta kwashi kashin ta a hannu. Shi kuma Gizo, ai bai taɓa kada kura da kokawa ba, da baki ya ke gamawa da ita.

Mu bar tatsuniya mu zo tarihi. Fataken Kano da ke zuwa Gwanja saro goro su kan yi watanni a hanya, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da jar fata. Baturen nan Hugh Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama, ƙasar Bargu, a 1826, ya ƙiyasta mutanen ciki sun haura 1,000. Madugu ne shugaba, ga jagaba a gaba, ga uban dawaki, ga malamin ayari. Babban aikin madugu ciniki ne: nawa za a ba sarkin wannan gari gaisuwa, nawa za a biya fito a tsallake Kwara, ina za a yada zango lafiya. Alhaji Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya rasu a 1955, daga wannan fataucin goro ya taso. Ashe ba jarumin fim ba ne madugu?

Sai dai a yi hattara. Ban ce a yi fim ɗin da zai koyar da cewa duk mugun da ya tare hanya a ba shi kuɗi ba. Mu da mu ke maƙwabtaka da Katsina mun san zafin kalmar kuɗin fansa, ba abin wasa ba ce. Su kan su fatake da kwari da baka su ke tafiya, kuma sun bambance sarkin da zai karɓi gaisuwa ya tsare maka hanya, da ɗan fashin da in ka ba shi yau gobe zai dawo. Gane wannan bambanci shi ne zuciyar labarin, nan ne ɗan kallo zai zauna a bakin kujera.

Kuma ta fuskar aljihu ma furodusa ne zai ci riba. Tun zamanin Daskin Da Riɗi na kamfanin Sarauniya aka ga cewa jama'a na son tatsuniya a fim. Matsalar ita ce wurin faɗa: dodon roba, da wutar kwamfuta wadda maimakon ta tsorata yara sai ta ba su dariya. Alhali abin da 'yan wasan mu su ka fi gwaninta a kai shi ne zance. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a 2014, Allah ya jiƙan sa, da baki kaɗai ya ke riƙe fim tun daga farko har ƙarshe.

Ku ɗan hasko wannan: wani mai awo daga Getso ya ɗoro buhunan dawa a jakuna, almuru ta yi masa a bakin rafi, Dodo ya fito ya ce ba mai wucewa. Ba shi da takobi, sai mudu da goro da baki. Ya yi sallama, ya miƙa goro, ya tambayi Dodo me ke damun sa. Ashe shekara da shekaru kowa gudun sa ya ke, ba mai sayar masa da ko gishiri. Aka zauna taya da albarka. Da za a auna, Dodo ya ce da mudun sa za a auna, mudun kuwa ya kai rumbu! To yaya falke zai fita, bai yi ƙarya ba, bai karye ba, kuma ba a cinye shi ba?

Amsar na bar wa marubutan mu na Kano da Kaduna da Jos. Ku kuma masu karatu na Gwarzo da Kabo da sauran wurare, filin wasiƙu a buɗe ya ke. In kai ne mai awon nan, me za ka ce da Dodo?