Yadda Ake Kafa Rumfar Shanu Mai Daɓen Siminti Da Wutar Lantarki

A wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan rumfar dirka, wato rumfar da ake kafa wa shanu a wurin jiran mota. Duk wanda ya taɓa sayo shanu a Putenga ko Fada Ngurma ya sauke a Wagadugu, yana jiran tirelar da za ta bi ta Po da Paga zuwa Kumasi, ko ta Sinkase zuwa Lome, ko ta Bobo zuwa Abijan, ya san cewa kwanakin jiran nan su ne ke cinye riba. Tun wajen 2022 kuwa jiran ya ƙara tsawo, saboda wasu hanyoyin arewa da gabas ba a bin su sai an haɗa ayari da rakiyar soja. Bijimin da ya yi mako guda a turke cikin ranar watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ko ya yi mako tsaye cikin taɓon Agusta, ba shi ne bijimin da ka saya ba. Ya rame, kofato ya yi laushi, dillalin Kumasi kuwa da ido ɗaya zai gane.

To, abin da muke so a riƙe tun daga farko shi ne, rumfar shanu ba shago ba ce, ba kuma falo ba. Abin da magini ya saba yi wa ɗan Adam don ƙawa, shi ne ke karya saniya.

FILI DA TAKARDA

Mu mutanen Zango ba sai an faɗa mana wannan ba. Tsohon Zangon Wagadugu, wanda Mosawa ke kira Zangwatin, a tsakiyar gari yake, iyaye da kakanni sun sauki baƙi a cikinsa shekara da shekaru. A 2003 aka rushe shi tare da unguwannin da ke maƙwabtaka da shi saboda shirin ZACA, aka mayar da mutane Niyoko da wajen Waga 2000. Wanda ya zuba dukiyarsa a bango, bangon ya zama ƙura. Wanda yake da kwano da ƙarfe, ya kwance abinsa ya ɗora a amalanke.

Saboda haka kafin ka haƙa rami ko ɗaya, ka tabbatar da takardar filin, ka kuma je ofishin magajin gari na yankinka ka tambaya ko an yarda a tsare dabbobi a wurin, domin dokar tsabta ta 2005 ta hana kiwo a cikin unguwannin da aka yanka aka raba, sai a wuraren da aka keɓe. In filin na haya ne, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu cewa rumfa taka ce, ran tashi da ita za ka tashi.

Sa'an nan ka zaɓi tudu. Waɗanda suka ga ruwan 1 ga Satumba 2009, ran da aka zuba fiye da milimita 260 a garin nan cikin yini guda, sun san inda ruwa ke bi. Kada ka yarda da filin kwari don arha. Ka duba kuma ko tirela za ta iya shiga ta juya.

GIRMAN RUMFA DA FUSKARTA

Bari mu ɗauki misalin rumfar bijimai 30. Kowane bijimi yana bukatar kamar murabba'in mita 4, mai manyan ƙahoni ma ya fi haka. Ke nan murabba'in mita 120, wato tsawo mita 15, faɗi mita 8. A shimfiɗa tsawon daga gabas zuwa yamma. Amfaninsa biyu ne. Na ɗaya, inuwa za ta zauna a ƙarƙashin rumfa yawancin yini. Na biyu, guguwar da ke zuwa gaban hadari a farkon damina daga gabas take tasowa, in ta zo sai ta tarar da siririn gefen rumfa, ba faffaɗan ba.

Kada a yi rumfa gajera. Bakin rufi ya kai mita 3 daga ƙasa, tsakiya ta fi haka da kamar mita ɗaya, don zafin kwano ya yi nisa da bayan dabba, iska kuma ta ratsa. Ba a zagaye ta da bango. Shinge na bututun ƙarfe ko katako mai kauri ya isa.

DIRKA

Dirka ita ce ƙashin bayan aikin. A misalinmu za a yi layi uku, biyu a gefe ɗaya a tsakiya, kowace dirka mita 3 tsakaninta da 'yar'uwarta. Kowane layi dirka 6, duka 18. Ramin ya kai zurfin santimita 80 zuwa mita ɗaya, faɗi kamar santimita 40, a cika da kankare, wanda maginan nan ke kira beto. Dalilin wannan zurfi ba nauyin rufi ba ne. Iska idan ta shiga ƙarƙashin rumfa sama take ɗaga ta kamar laima, ga kuma bijimi da ke zuwa ya jingina ya sosa jikinsa da dukan ƙarfinsa.

Wanda zai yi da itace, ya nemi azarar giginya wadda ta ƙosa, don gara ba ta cika cinta ba. In turare ne ko wani itacen, a ɓare shi, a bar shi ya bushe, a shafe gindin da kwalta ko maganin gara kafin a binne. Amma mai hali ya yi da bututun ƙarfe mai kauri, a shafa masa fentin hana tsatsa. Ga wata dabara: maimakon a binne bututun cikin kankare, sai a binne noti huɗu, mai walda ya yi wa gindin dirka faifan ƙarfe, a ɗaure. Haka ma sanƙarar sama, a haɗa da noti maimakon walda. Ran da aka ce tashi, sifana kawai za ka nema. A kuma ɗaga kankaren gindin dirka ya ɗara daɓe da kamar taƙi guda, don fitsari shi ne ke cin ƙarfe da itace daga ƙasa.

Kwanon rufi, tol a bakin mutanen nan, kada a sayi mai shara-shara. A ɗaure shi da ƙugiya mai noti, ba ƙusa ba, musamman a gefe-gefe inda iska ke fara ɓallewa. A sa masa magudanar ruwa da indararo zuwa tanki. Lissafin mai sauƙi ne: ruwan milimita 20 a kan rufin murabba'in mita 120 lita 2,400 ne, wato duro 12. Bijimi kuwa yakan sha lita 30 zuwa 40 a yini lokacin zafi. Ruwan da zai zama taɓo a bakin rumfa, ga shi ya zama abin sha.

DAƁE

Nan ne aka fi yin kuskure. Akwai wani ɗan'uwanmu da ya kashe kuɗi mai yawa, magini ya goge masa daɓe sumul kamar na ɗakin amarya, kowa ya zo sai yabo. Daren farko da aka zuba shanu, fitsari da kashi suka jiƙa wurin, wani bijimi ya yunƙura zai tashi ƙafafunsa na baya suka buɗe. Bai sake miƙewa ba. Da safe mahauta suka saye shi a kuɗin da suka ga dama. Magini bai yi ha'inci ba, abin da ya iya ya yi, ba a gaya masa wanda zai taka ba ne.

Ga yadda ake yi. A kwashe ƙasar sama mai laushi, a zuba burji kamar santimita 15, a yayyafa ruwa a daddaɓe sosai. A kansa a zuba kankare mai kaurin santimita 10. Inda mota za ta taka, a kai 15 a sa rodi. Haɗin shi ne buhu ɗaya na siminti mai kilo 50, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, ruwa kamar lita 25. Da wannan haɗi, rumfarmu za ta ci buhu 84, ban da na ramukan dirka. Wanda ya ce maka buhu 50 zai isa, to yashi zai daɓe maka. A lura da lebura kada su cika ruwa don aikin ya yi musu sauƙi, domin kankare mai ruwa-ruwa shi ne ke zama gari bayan shekara. Yashin kuma ya zama mai tsabta, ba mai laka ba.

Daɓen ya kasance da gangara, santimita 2 a kowace mita, daga tsakiya zuwa gefe, inda za a yi lambatu buɗaɗɗe mai kai ƙazanta rami a bayan rumfa, nesa da rijiya, nesa da ƙofar maƙwabta. Kafin kankaren ya kama, a ja tsintsiyar kwakwa mai tauri a kansa ya yi kaushi, ko a danna rodi a yi layi-layi mai zurfin santimita ɗaya, yatsa huɗu tsakanin layi da layi. Kada dai a bar tsinin tsakuwa a waje, don shi ma yana cin kofato. A kowace mita 3 zuwa 4 a yanka tsaga, saboda siminti yana motsi da zafi da sanyi, in ba ka ba shi wurin tsagewa ba zai zaɓa da kansa.

A yi zubi da sassafe ko da yamma. Bayan an gama a rufe da tsofaffin buhuna ko ciyawa, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, ruwa ne, kuma sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Kada gaggawar kasuwar Layya ta sa ka zuba shanu a kan ɗanyen daɓe.

Har wa yau, shanu ba su son kwanciya a kan tsurar siminti, yana kumbura musu gwiwa. A riƙa shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko yashi a wurin kwanciya, a kwashe in ya jiƙe. Masu lambu na bakin madatsun ruwa na Tangin ba sa ƙin taki. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya daɓe mita 3 kawai a gefen komin abinci da na ruwa, inda tsayuwa ta fi yawa, sauran ya bar shi burji.

WUTA

Fitila a rumfa ba ado ba ce. Da ita makiyayi zai ga wadda ta kwanta ba daidai ba, da ita ake lodi da asuba ba tare da an karya dabba ba, ɓarawo kuma ba ya son haske. Amma a sani, wutar SONABEL mai ƙarfin 220 ce, kuma rumfar ƙarfe mai jiƙaƙƙen daɓe ba ta yafe kuskure. Saniya tana tsaye da ƙafa huɗu babu takalmi, hancinta jiƙe, bakinta a komin ƙarfe. Wutar da za ta ɗan ja mutum ya yi tsaki, ita tana iya kayar da ita. Wani lokaci ma ba ta kisa, sai dai ka ga shanu sun ƙi shan ruwa, suna ramewa, kana ta sayen allura, alhali waya ce ta ɓare tana taɓa ƙarfe.

Don haka kada a jawo waya daga gidan maƙwabci a rataya a kan dirka. A nemi mita ta halal, a kira mai aikin wuta wanda ya san aikinsa. Duk waya ta bi cikin bututun roba, a saman sanƙara, inda ƙaho da harshe da ɓera ba sa kaiwa. Makunni da soket su zauna a wajen shinge cikin akwati mai murfi. Abu biyu ne ba a ciniki a kansu. Na farko wayar ƙasa, wato sandar jan ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa a haɗa ta da ƙarafan rumfa da komin ruwa. Na biyu makatsin wuta mai rubutun 30 mA, wanda ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa. Yana da maɓallin gwaji a jikinsa, a riƙa danna shi kowane wata.

Ƙwai kuwa a sa na LED mai rufi wanda ruwa da ƙura ba sa shiga. Guda 6 masu wat 20 sun isa rumfarmu, huɗu a ciki, ɗaya a ƙofa, ɗaya a wurin lodi. Duka wat 120 ke nan, ba su kai abin da dutsen guga ɗaya ke ja ba. Ba dole a kunna duka har gari ya waye ba, shanu ma suna son duhu su yi tuƙa. A raba makunni biyu, na tsaro ya kwana, na aiki a kunna in an tashi aiki.

Inda layin wuta bai kai ba, ko don gudun ɗaukewar da ake fama da ita a watannin zafi, sola ta wadatar. Faifai a kan rufi, batir a ɗakin maigadi, ƙwai masu aiki da 12. Wannan ba ta da haɗarin kisa irin na 220, sai dai a sa mata fis kusa da batir, a kuma nisanta ta da harawa, don tartsatsi ɗaya ya isa. A riƙa goge ƙurar hunturu daga faifan.

Daga ƙarshe, wanda aikin ya fi ƙarfinsa shi kaɗai, mutum uku ko huɗu masu bin hanya ɗaya su haɗa hannu, a rubuta rabon kowa a gaban shugabannin ƙungiya. A fara da dirka da rufi bana, daɓe baɗi, wuta in Allah ya hore. Abin da ba a so shi ne a yi duka lokaci guda da rabin kuɗi. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Kuɗin bijimi ɗaya da ya karye ya fi bambancin da ke tsakanin aikin kirki da na arha.

Wanda ya riga ya kafa tasa, ya ga wani abin da ba mu ambata ba, ya aiko wa sakataren ƙungiya don sauran 'yan'uwa su amfana. Allah ya tsare mu da dukiyarmu a kan hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, amin.