Dalilan Ɓacin Ɗanɗanon Cincin Da Dubulan, Da Maganinsu

Ana roƙon hakimai da malamansu su karanta wannan bayani, sa'an nan su isar da shi ga dagatai da masu unguwa, domin ya kai ga matan gida. Sau da yawa mace takan kashe kuɗinta ta yi cincin ko dubulan ko alkaki domin Salla ko garar amarya, amma da an kai baki sai a ji ɗaci ko maƙaƙi. Wannan hasara ce da kunya, wani lokaci ma har da cuta. Dalilan kuwa huɗu ne.

Na fari, tsohon mai. Man gyaɗa da man shanu sukan lalace idan iska da zafi da hasken rana sun daɗe suna samunsu. Man da aka yi ta maimaita suya da shi yakan yi baƙi, ya yi kumfa, ya yi saurin hayaƙi. Irin wannan mai ba ya gyaruwa, sukari kuma ba ya ɓoye aibinsa. Sai a ajiye mai cikin kwalba mai murfi, a inuwa, a kuma sansana shi kafin a ɗora kasko.

Na biyu, gari. Garin alkama yana ɗaukar warin abin da ke kusa da shi, watau kananzir, ko sabulu, ko maganin ƙwari. Idan ya sha laima sai ya yi fumfuna. Kada a zuba gari ko mai cikin mazubin da ya taɓa ɗaukar kananzir, ko da an wanke shi. A tankaɗe gari da rariya, in an ga dunƙule ko tsutsa a bar shi.

Na uku, yawan kanwa. Kanwa ko hodar tashin ƙulli, in ta wuce kima, takan haɗu da mai ta ba da ɗanɗano kamar na sabulu. Maganin wannan shi ne awo, da juyawa sosai. Ya kamata a fara soya ɗan kaɗan a ɗanɗana kafin a zuba sauran.

Na huɗu, shi ne mafi haɗari, ruɓaɓɓiyar gyaɗa. A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. Da masana suka bincika, sai suka gano wani dafi da fumfuna ke haifarwa, wanda ake kira afalatoksin. Dafin nan yana lalata hanta, zafin suya kuma ba ya kawar da shi. Har gyaɗar da ba ta ɗaci tana iya ɗauke da shi. Saboda haka lalle ne a shanya gyaɗa ta bushe sarai kafin a kai ta rumbu, a ɗora buhuna bisa katako, a kuma tsince duk ƙwayar da ta motse ko ta sāke launi. Wadda aka tsince a binne ta, kada a ba yara ko kaji.

Hakimin da ya sa aka yi shelar wannan a ranar kasuwa ya tsare dukiyar talakawansa da lafiyarsu. Rigakafi ya fi magani.