Injin cika lemo da rufe kwalba: darasi daga Khartum da Omdurman

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sarin lemon kwalba ya san takaicin buɗe murfi a ji shiru, babu ko ɗan huci. Galibi direba ko zafin hanya ake ɗora wa laifi, alhali sau da yawa tun daga kan inji matsalar ta taso.

Sudan ta daɗe a wannan sana'a. Tun zamanin mulkin Ingila wani Bagirke ya fara yin lemon Pasgianos a Khartum, a 2002 kuma kamfanin DAL ya kama cika Coca-Cola a Bahri. Kafin yaƙin 2023, daga irin waɗannan masana'antu ne kaya ke isa Kasuwar Libiya ta Omdurman, sannan su nausa yamma har iyakar Chadi.

Lemo mai gas ba a zuba shi kamar ruwan leda. Sai an sanyaya shi zuwa wajen digiri 4, injin ya fara cusa gas cikin kwalbar har ƙarfin iskarta ya yi daidai da na tanki, sannan lemon ya gangara a hankali. In ba haka ba kumfa zai taso, kwalba ta ƙi cika. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Mayu, wanda ya sayi injin cikawa ya tsuke hannu wajen na'urar sanyi da janareto, asara ya saya.

Sai batun murfi, kuma a nan mai sari ya fi shiga ciki. Murfin ƙarfe mai haƙora 21 a kan kwalbar gilashi yana riƙe gas sosai, amma sai an haɗa da injin wanki, kuma kwalbar da ta tsallake iyaka wa zai dawo da ita? Roba ba ta da wannan wahala, sai dai gas na sulalewa ta jikinta, musamman ƙarama in ta sha rana. Injin ɗaure murfinta kuwa, in ya sassauta ta yi yoyo, in ya matse fiye da kima murfin ya lalace.

Daga 1997 zuwa 2017 takunkumin Amurka ya sa sayo kayan gyara da biyan kuɗinsu ta banki ya yi wuya. Injin Jamus irin na Krones ko KHS ba a raina shi, amma ɗan zoben roba kaɗai kan iya tsayar da shi. Shi ya sa mai ƙaramin jari kan waiwayi na Sin, in dai akwai makanikin da ya san shi a kusa.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya lalata masana'antu da dama a Bahri. Masu shirin sake tayar da su za su zaɓi injuna daga farko, kuma mai sari na da ikon tambayar ranar da aka cika kaya kafin ya biya.