Idan ɗan ajinku ya matsa miki lamba: abin yi da abin da doka ta ce

Yawancin yaranmu da ke Agege, Idi-Araba, Sabo ta Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri makarantun haɗaka suke zuwa, maza da mata aji ɗaya. Akwai matsalar da 'yan mata ke haɗiyewa: ɗan aji ya ce yana so, ta ce a'a, shi kuma ya ƙi ji. Abin da ke rufe musu baki tsoro ne, kada a ce "ke kika ba shi fuska", a cire su daga makaranta.

Furta so ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ne bayan an ce a'a: ya riƙa tare ki a hanya, ya samo lambarki ba da izininki ba, ya yi ta turo saƙo cikin dare, ko ya ɓata miki suna a rukunin WhatsApp na aji.

Ni a Rayfield na yi sakandare, a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu. Ina aji huɗu wani ɗan ajinmu ya fara bina kullum har inda nake hawa Keke. Abubuwan da suka fitar da ni su zan faɗa miki, ƙanwata.

Na farko, ki faɗa sau ɗaya, a fili: "Ba na so, ka daina." Ban da dariya, ban da "sai na yi tunani", domin mai naci yana ɗaukar kunya a matsayin amincewa. Kada ki karɓi kyautarsa, ko katin waya ne.

Na biyu, ki adana shaida. Ki ɗauki hoton saƙonnin kafin ki toshe lambar, ki rubuta rana da wurin da ya tare ki.

Na uku, ki daina tafiya ke kaɗai, kuma kada ki yarda ku keɓe "don a sasanta".

Na huɗu, ki gaya wa babba. Ni gwaggota na samu. Ba ta tambaye ni me na yi masa ba, cewa ta yi: "Gobe tare za mu je." Ta ga malamar ajinmu, aka kira iyayensa, aka canja masa aji. Magana ta mutu.

Idan ya kai ga barazana ko taɓa jiki, ya wuce shugaban makaranta. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro mai haƙƙin kariya. Dokar VAPP ta 2015 ta mayar da bibiyar mutum laifi, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 2. A Abuja take aiki kai tsaye, amma jihohi da dama sun yi irin tasu. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haɗa da barazana ta waya. A Legas akwai hukumar DSVA, akwai kuma Cibiyar Mirabel a asibitin LASUTH da ke Ikeja, wadda ke kula da waɗanda aka ci wa zarafi kyauta tun 2013. Lambar gaggawa ita ce 112.

Iyaye, don Allah a bar tura yayye su je su lakaɗa wa yaron duka. A garin da muke baƙi, faɗan yara biyu kan iya komawa rikicin ƙabila kafin Sarkin Hausawa ya ji labari. A bi ta makaranta, a rubuce. Masu 'ya'ya maza kuma a koya musu cewa a'a tana nufin a'a. Yarinyar da ta kawo ƙara kuwa, a bar ta ta ci gaba da karatunta, domin idan aka cire ta, ƙannenta ba za su ƙara faɗa ba.